Takalmin da Inna Ta Yi Kara da Shi

A gidanmu na unguwar Ɗan Iya takalmi ba shi da mai shi. Da zarar ka cire shi a bakin ƙofa ya zama na jama'a. Mai zagawa bayi ya zura, mai alwala ya zura, baƙuwar da za ta leƙa maƙwabta ta ja shi ta je ta dawo. Na taso ban taɓa jin an yi faɗa a kan wannan ba. Sai da ciwon suga ya kama mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sannan na zama mai gadin takalmi, dangi kuma suka samu hujjar abin da suka daɗe suna faɗa a kaina, wai ba ni da kunya.

Inna mai masa ce. Tun rasuwar Babanmu da tanda ta riƙe mu, ni da ƙanena, har na zama malamar makaranta na yi aure, shi ma ya kama aiki ya kawo mata gidan. Ƙafarta irin ta matan da suka sha tsayuwa ce, faffaɗa, ga kaushi ga faso. Har alfahari take yi da ita, ta ce ƙaya ma tsoron ƙafarta take yi. Da aka ce tana da suga muka sa ido a kan bakinta, me ta ci, me ta sha, ta haɗiyi ƙwayarta ko ba ta haɗiya ba. Babu wanda ya kalli ƙasa.

Wata safiya na biya in gaishe ta kafin in wuce makaranta. Tana zaune gaban tanda tana juya masa, tana ba ni labarin yadda shinkafa ta yi tsada. Sai na ji ƙauri, ba irin na masa ba. Ina dubawa na ga garwashi zaune a kan ƙafarta yana ci. Na yi ihu na kaɗe shi da hannuna har na ƙone. Ita kuwa ta leƙa ƙafar kamar ta wani ce, ta ce, “Au, yaushe ya faɗo?”

A asibiti aka haɗa mu da wata tsohuwar nas mai kula da masu suga, kowa Sista yake ce mata. Ta wanke ƙunar ta ɗaure, sannan ta ɗauko wani siririn zare mai tauri irin na fatsa.

“Mama, ki rufe ido. In kin ji na taɓa ki, ki ce e.”

Inna ta rufe ido. Sista ba ta ma kai zaren kusa da ƙafar ba, Inna ta ce, “E.” Ta sake cewa, “E.” Sista ta dube ni, na dube ta.

“Inna, ba a taɓa ki ba tukuna,” in ji ni.

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, “To ai baiwar Allah tana ta wahala a kaina, in bar ta haka ba amsa?”

Muka yi dariya har da Sista. Yanzu in na tuna ranar ba na dariya, don duk abin da ya biyo baya yana cikin wannan “e” ɗin.

Da aka yi gwajin na gaskiya, Inna ba ta ji komai ba daga yatsu har tsakiyar tafin ƙafa. Sista ta nuna mini wata kanta mai kauri a ƙafar dama, a gindin babban yatsa. Ta ce nan nauyin Inna yake sauka duk takun da ta yi. Mai lafiya in wuri ya dame shi sai ya sauya taku ko ya zauna, ita kuwa Inna ba abin da zai gaya mata, za ta yi ta dannawa har naman da ke ƙarƙashin kantar ya mutu ya fashe. Gyambon mai suga kuma in ya buɗe a wurin nan, rufewarsa sai an sha wuya, wani ma ba ya rufewa. Abin da za a yi shi ne a sa mata shimfiɗa a cikin takalmi, wadda aka yi daidai da ƙafarta, ta raba nauyin ko'ina, ta ɗauke shi daga kan kantar.

Ta tura mu wurin wani mutumin kudu mai shago a wajen Wunti, wanda aikinsa ke nan. Ya ajiye akwatin soso mai laushi a ƙasa, ya riƙe ƙafar Inna ya danna a ciki, da ya ɗaga sai ga sawunta ya fito sarai, har da ramin kantar. Bayan ɗan lokaci muka koma karɓa. Shimfiɗar hawa-hawa ce, ƙasa da tauri, sama da laushi, ta yi tudu a inda ƙafar Inna ta lotsa, ta yi kwari a daidai kantar. Takalmin da aka sa ta a ciki kuwa baƙi ne rufaffe mai faɗin baki, ba shi da ko ɗigon ado.

“Wannan ai na 'yan sanda ne,” in ji Inna.

Mai shagon ya durƙusa yana ɗaure mata maɗaurin, ya ce da irin Hausarsa, “Mama, wannan takalmi naka ne kai kaɗai. Ko 'yarka kar ya sa. In wani ya sa, zai lalace, ba zai san ƙafarka ba kuma.”

Ta miƙe ta taka. Ba ta jin tafin ƙafarta, amma ta ce gwiwarta da bayanta sun ji daɗi. Tun daga ranar ta sa wa shimfiɗar suna katifa.

Ni na ɗauki dokokin da zafi, kamar yadda nake ɗaukar komai. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Kafin ta sa, ta kife shi ta kakkaɓe, ta zura hannu ta lalube ciki. Kullum a duba tafin ƙafar da madubi. Na kafa ƙusa a bangon ɗakinta ta ciki, na ce nan ne wurin takalmin, ba bakin ƙofa ba. Ranar da na tarar da wata maƙwabciya ta zura shi za ta alwala, na ce ta cire, a gaban kowa, ban ko sassauta murya ba. Matar ta cire tana salati. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba, wai na zubar mata da mutunci a unguwa saboda tsumman roba.

Amma abin ya yi aiki, shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe. Ƙunar ta warke. Kantar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Duk zuwan da muka yi asibiti Sista sai ta ɗaga ƙafar ta nuna wa sauran masu jira, ta ce su ga yadda ake yi. A bencin nan akwai masu ƙafa a naɗe da bandeji, akwai wanda wandonsa ɗaya a ninke yake an maƙale da fil. Inna takan kalle su ta ce Allah ya ba su lafiya, mu fito mu hau keke mu koma gida da ƙafafunta biyu. Shekara ta zagayo a haka, wata ma ta kama.

Sai aka tura ni kwas Jos daga wurin aiki, na watanni. Kafin in tafi na damƙa madubin a hannun matar ƙanena, yarinya mai hankali da sanyin hali, na maimaita mata komai har ta haddace. Ina can aka haihu a gidan Goggo, aka sa ranar suna.

Goggo yayar Babanmu ce, tana zaune a Inkil cikin 'ya'ya da jikoki. Ita ta karɓi Inna ranar da aka kawo ta amarya, kuma har Inna ta yi furfura ba ta daina zama amarya a gabanta ba. Ba ta faɗin sunanta, Adda take ce mata. Ba ta cin abinci a gabanta, ba ta zama kan kujera in tana ɗakin. Goggo ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Mace ce dai da ta saba a ba ta, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da bayarwar ta ci wa mai bayarwa ba.

Abin da ya faru a wajen sunan, matar ƙanena ce ta ba ni labari daga baya, tana kuka. Gida ya cika da mata, takalma sun yi tsibi a ƙofar ɗakin Goggo. Inna ba za ta shiga ɗakin yayar mijinta da takalmi ba, ba za ta kuma ƙunshe shi a leda ta rungume kamar mai tsoron ɓarayi ba, don haka ta cire ta ajiye cikin tsibin. Da azahar ta yi Goggo ta fito alwala, ta zura wanda ƙafarta ta fara samu. Ta dawo tana taku a hankali, tana murmushi.

“Kai! Wannan na waye? Sai ka ce a kan gajimare nake tafiya. Ni da diddigen nan ya hana ni sakat.”

Aka ce na Inna ne.

Kowa ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Babba ya yaba abinka a gaban mutane, sai ka ce ai nasa ne. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya yi albarka, ya bar maka kayanka. Kowa ya fita kunyar kowa, ba wanda ya rasa komai. Inna ta sunkuyar da kai ta faɗi nata rabin.

“Ai naki ne, Adda. Ki riƙe mana.”

Goggo ba ta faɗi nata rabin ba. Ta ce, “Allah sarki, amaryarmu. Allah ya yi miki albarka, ya sa 'ya'yanki su yi miki.” Mata suka amsa da amin. Ta sa aka ɗauko wa Inna wani takalmin roba nata, irin mai ƙyalli da ake sayarwa a tire, sabo fil, har tana cewa ba ta taɓa sa shi ba. A cikinsa Inna ta tako daga gidan har bakin titi inda ake samun keke, tafiya mai ɗan nisa a kan tsakuwa.

A hanya matar ƙanena ta ce, “Inna, Anti fa za ta yi faɗa.” Inna ta ce in ta kuskura ta gaya mini, ko ta gaya wa mijinta, ba ta yafe ba. Ƙanena irin mazan nan ne da za a sauya ƙofar gida ba su lura ba, balle takalmi. Yarinyar ta ci gaba da kawo madubi da safe, Inna ta karɓa ta ce ta je abinta, za ta duba. Wace suruka ce za ta ce wa uwar mijinta miƙo ƙafarki in gani, bayan an ce mata ta tafi? Kunyar Inna ta ba da takalmin, kunyar yarinyar ta rufe maganar. Ni kuma ina bugo waya ina tambaya, Inna tana ce mini in kwantar da hankalina in yi karatuna, ƙafa lafiya lau. Ta yiwu ma har ranta haka ta ɗauka, tunda ba ta jin komai.

Ranar da na dawo ban wuce gidana ba, Ɗan Iya na sauka. Na tarar da ɗakin Inna ya turnuƙe da turaren wuta da rana tsaka, ita kuma tana zaune da safa a ƙafa, ana wannan zafi na bazara. Na kalli bango, ƙusa ba komai. A ƙarƙashin ƙamshin turaren akwai wani wari da na sani, na bencin asibiti.

“Inna, ina takalminki?”

“Daga zuwanki? Ki sha ruwa tukuna.”

Na durƙusa na kama ƙafar dama. Ta janye, na riƙe. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwa ta fita. A gindin babban yatsa, daidai inda katifar take da kwari, akwai rami. Bakinsa fari ne mai kauri, cikinsa baƙi, an cusa masa wani garin magani da auduga. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, da zafi kamar an ɗauko ta daga wuta.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga maƙwabta a tsakar gida. Da na ji yadda aka yi, na ce, “Inna, me ya hana ki ce mata na magani ne? Kalma ɗaya!”

“A taron suna? Gaban surukanta da baƙi? In ce Adda cire, ni ƙafata ta mutu?”

“To da kika dawo fa? Ki aika a karɓo. Ki ce a yi miki wani.”

“In aika a karɓo kyauta? Ke dai ba ki san zaman duniya ba. Ubanku ya tafi, ita kaɗai ta rage muku. In kuma na ce a yi wani, ƙaninki zai tambaya, ke ki ji, ki je ki yi mata rashin kunya.”

Ta san 'yarta. Bayan mun kai ta asibiti an ba ta gado, Sista ta buɗe ƙafar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni, “Ina shimfiɗar?” Washegari na tari keke na nufi Inkil.

Na samu Goggo a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta a tsaye. Ga takalmin nan a gefen tabarma, an take bayansa an mai da shi silifa, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. Na ɗaga shi na zura hannu. Ba komai a ciki sai tafin roba.

“Goggo, ina abin da ke ciki?”

“Wane abu? Au, tsumman nan? Ai kwana kaɗan na yi da shi ya fara cin ƙafata, wani tudu-tudu ne da shi kamar an zuba duwatsu. Na cire. Ki duba ɗakin amarya, ina jin ta sa wa kekenta.”

Na shiga ɗakin matar ɗanta. Keken ɗinkinta yana girgiɗi a kan siminti, sai aka ninke katifar ƙafar Inna aka cusa a ƙarƙashin ƙafafunsa, ɗaya nan ɗaya can. Na ɗaga keken na zaro su. Ƙarfe ya huda su, man keke ya jiƙa su, amma har lokacin ana ganin ɗan kwarin nan da aka yi domin kantar uwata.

Abin da na faɗa wa Goggo a tsakar gidan nan ba zan rubuta shi ba, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Ta saki baki tana kallona, ta ce, “Ni na roƙe ta? Ita ta ce nawa ne. Da an gaya mini na ciwo ne, me zan yi da shi?” Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Na duba ko'ina in sami wanda zan kama da laifi dumu-dumu, na rasa. Kowa a cikinsu ladabi ya yi.

Kafin in iso asibiti labari ya riga ni. Ƙanena ya tare ni a baranda yana cewa na tozarta su, dangin Baba sun bugo masa waya. Na ce ya shiga ya ɗaga zanen ya kalli ƙafar uwarsa, sannan ya fito mu yi maganar tozarci. Ya shiga. Da ya fito sai ya jingina da bango ya rufe fuska da hularsa.

Likitoci sun yi iya yinsu. Aka yi ta wankewa ana yanke mataccen nama, ana ƙarin ruwa da allurai. Aka cire babban yatsan, muka ce an tsira. Ba a tsira ba, ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Baƙin ya yi ta hawa, zazzaɓi ya ƙi sauka, har ranar da likita ya kira mu ni da ƙanena ya ce ko ƙafar ko Inna. Da muka gaya mata sai ta ce, “To, Allah ya sa kaffara ce.” Ta ƙara da tambayar ko likitan ya ci abinci, don tun safe take ganinsa a tsaye. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganarsa. Ƙaddara ce, suga ba ya jin magani, wani ma cewa ya yi jifa ne, a nemi taimako. Na yarda da ƙaddara, ni ma musulma ce. Amma na ga ƙafar nan lafiya lau shekara da wani abu, na san abin da ya tsare ta, na kuma san inda na tsinto shi. Duk wanda ya ce mini ba yadda za a yi, sai in tashi in bar masa wurin, don kada in ƙara wani laifin a kan na Inkil.

Goggo ta zo bayan an sallamo mu, da 'yan rakiyarta. Ta zauna a bakin gado tana hawaye, hawayen gaske. Ta buɗe leda ta fito da takalmin, an wanke shi an goge, ƙafa biyu, ta jera a gaban gadon.

“Ga kayanki, amaryarmu. Wallahi ban sani ba. Ki yafe ni.”

Inna ta yi ta ƙoƙarin saukowa daga gado don kada ta zauna gado ɗaya da yayar mijinta, da ƙafa ɗaya da dungulmi a naɗe, sai da na danne kafaɗarta. Ta ce, “Haba Adda, me kika yi? Ni ce zan ba ki haƙuri a kan yarinyar nan. Ban san inda ta ɗauko wannan hali ba.” Aka juyo ana kallona, ana jira in durƙusa. Na ɗauki takalman na fita da su. Ina jin wata daga cikin 'yan rakiyar tana cewa boko ne ya lalata ni.

Sista ta ce yanzu ƙafar hagu ce abin tsoro, don duk nauyin ya koma kanta. Muka sake komawa Wunti, wannan karon ƙanena ne ya ɗauko Inna daga mota ya zaunar da ita. Mai shagon ya kalli zanen da ya faɗa ba komai a ƙarƙashinsa, ya kalle ni. Ya kawo akwatin soso ya danna ƙafa ɗaya. Rabin akwatin ya rage sumul ba sawu. Ya yi sabuwar shimfiɗa da sabon takalmi, ya ce ba a sayar da ƙafa ɗaya, sai dai mu ɗauki biyun. Na ce ya riƙe na daman, ba na son ganinsa a gidan.

Inna ta bar sana'ar masa, tandar tana jingine a bayan ɗaki. Ta koyi tafiya da sanduna daga gado zuwa tabarmar ƙofa. Matar ƙanena ta daina jin kunyar ƙafar, kullum da safe takan durƙusa ta ɗora ta a cinyarta, ta duba tsakanin yatsu, ta shafa mai, ta lalube cikin takalmin kafin ta sa mata. In Inna ta ce ta bari, sai ta ce, “Sai dai ki tsine mini, Inna.” Wannan kaɗai na samu a cikin abin duka. Dangin Baba kuwa sun rage zuwa, in mun haɗu a taro su amsa gaisuwata da ƙyar. Har yau labarin da ake bayarwa a Inkil shi ne na yarinyar da ta je har gida ta zagi goggonta a kan takalmi. Ba a haɗa shi da labarin ƙafar.

Wata ranar Juma'a da la'asar ina gidan, wata tsohuwar ƙawar Inna ta zo daga Miri, dattijuwa ce da ta girme ta, ba ta samu zuwa dubiya ba sai ranar. Suka gaisa, aka yi jaje, aka yi addu'a. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafarta, takalmin yana gefe an cire mata ta sha iska. Matar ta ɗauka tana jujjuyawa, ta danna shimfiɗar da babban yatsanta.

“Ikon Allah. Ji laushi! Wannan ai ko ni zan so irinsa.”

Na ajiye kofin da ke hannuna. Matar ƙanena ta tsaya cak a bakin madafa. Na ga Inna ta sunkuyar da kai yadda ta saba, na ga bakinta ya buɗe da kansa. Ta kalli takalmin, ta kalli inda zanenta ya kwanta a tabarma. Sannan ta ce, da muryar mai ba da haƙuri, “Wallahi Yaya, da ƙafa biyu ne da na ce ki ɗauka.”

Matar ta yi dariya, ta ce Allah ya bar zumunci, ta ajiye. Ni na tashi na ɗauke shi na kai ɗaki na rataye a ƙusa, na zauna a bakin gadon har baƙuwar ta tafi, don na san da gaske Inna take.